Kafiretar da Baba Ya Ƙi Mayarwa

Litinin, 4 ga Oktoba, 1976

Gwaggo Kubra, ƙanwar Baba, ta sauka daga motar Gwaram da hantsi, ta iske ni a gareji ina ƙarƙashin wata Fijo. Ta dire mini ƙunshi cikin tsohon zane, ta ce saƙon Baba ne. Na ɗauka daddawa ce. Ina kwancewa sai ga kafireta, baƙa ƙirin, ta sha tsatsa, ga nauyi kamar ɗan dutsen niƙa.

Saƙon baki kuma wai tun da na ce ni makanike ne, in faɗa masa ta wace mota ce.

Ai na san ta wace mota ce. Duk Gwaram an sani. Shekara ashirin da biyu ke nan, lokacin Baba yana tuƙa babbar motar marigayi Alhaji Ishiyaku, Bilhodin nan mai ɗaukar gyaɗa. Ranar da Alhaji ya karɓe makulli daga hannun Baba ya ba nasa ƙanen, aka wayi gari mota ba ta tashi. Aka buɗe, ba kafireta a kan inji, sai wata karyayya da aka ajiye a kan kujera. Aka ce Haladu direba, wato Baba, ya sace mai kyau ya bar musu matacciya. Ina da shekara tara. “Ɗan mai kafireta” ake ce mini har na bar firamare. Shi ya sa ma allon garejina Salihu Gwaram ne a rubuce, ban sa sunansa ba.

Duk shekarun nan ina ɗan riƙe da cewa ƙila sharri ne. Ashe tana ƙarƙashin gadonsa.

Kuma a ce mutumin da sunansa ya fito cikin maniyyatan bana! Tsakiyar watan gobe za su tashi. Kowa ya san mai niyyar Makka sai ya mayar da kayan mutane ya nemi gafara kafin ya sa ƙafa a jirgi. Shi kuwa wasan ƙwaƙwalwa ya aiko mini. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Talata, 5 ga Oktoba

Na jiƙa ta a kananzir tun asuba. Ba don komai ba, in za a mayar wa mutane kayansu ai ba a kai shi da dauɗa ba.

Abu ɗaya dai: na kusanto da maganaɗisu ya manne mata. Baƙin ƙarfe ce zalla. Duk kafiretar da na taɓa kwancewa farin ƙarfe ce mara nauyi. Sifanar Fijo ta ƙi kama notinta, ta Ingila ma sai zamewa take, har na daki yatsana. Da filaya na ƙarasa. Akwai rubutu a jikinta amma tsatsa ta cinye, haruffa biyu kawai nake gani.

A gindinta akwai wani faifan ƙarfe mai rami huɗu, aikin maƙeran ƙauye, duk sawun guduma. Irin shirmen da ake kawo mana kullum. Na cire na jefa cikin tarkace.

Alhamis, 7 ga Oktoba

Kuskurena da na bar ta a kan benci. Direbobin tasha sun taru a kanta sai ka ce an kawo ɗan kada. Wannan ya ce ta Ostin ce. Wancan ya rantse ta Landiroba ce, wai ya tuƙa irinta har Ningi. Wani ya ce ai ba ta mota ba ce sam, ta injin niƙa ce. Mutum bakwai, mota tara, domin biyu sun sauya magana a tsakiya. Ba wanda ya taɓa riƙe sifana a cikinsu sai dai ya miƙo.

Wani dattijo ya tambayi inda na samo ta. Na ce tsintuwa ce. Ya dube ni, ya dubi allona, ya kau da kai. Na tsani wannan kallon.

Juma'a, 8 ga Oktoba

Na ɓoye ta a akwatin kayan aiki. Ban yi aikin kirki ba yau.

Lahadi, 10 ga Oktoba

Na je Gwaram. Na tarar da Baba a zaure yana tufkar igiya, an jibge damman gero a ƙofar gida. Muka gaisa irin gaisuwarmu, wadda ba ta wuce gajiya da iyali. Na daɗe ina kewaye-kewaye, sannan na fito masa a fili. Na ce ya bari in raka shi gidan Alhaji Ishiyaku, mu miƙa wa babban ɗansa Sabo kayan nan, a nemi gafara, magana ta mutu. Na ce ba sai kowa ya ji ba. Na ce ni zan yi maganar ma, shi ya zauna kawai.

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya tambaye ni ko na gano motar. Na ce Baba, wace irin ganowa kuma, abin da duniya ta sani? Ya ce shi ba duniya ya aika wa ba, makanike ya aika wa.

“Ka zo mini da sunan motar,” ya ce. “In ta Alhaji ce, da ƙafata zan kai. In ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba.”

Ni zai ce wa ban sani ba. Shekara goma sha huɗu ina cikin baƙin mai. Na tashi ban ko sha furar da Gwaggo ta dama ba, abin da ya dame ni daga baya, domin ita ba ruwanta.

Taurin kan mutumin nan ya ishe ni. Zai je ya tsaya gaban Ɗakin Allah da kayan wani a wuyansa, ni kuma in zauna a nan ina kallo.

Talata, 12 ga Oktoba

Matata Zuliha ta gaji da tsakina. Muna cin tuwo ta ce ita dai ba ta taɓa jin ɓarawon da ya adana abin sata shekara ashirin yana shafa masa mai ba, sannan ya aika wa mai sana'ar abin ya duba. Na ce mata ta tsaya a kan abin da ta sani. Ta ce to.

Da gaske kuwa cikin kafiretar da mai. Waje ne ya yi tsatsa. Ban gaya mata ta faɗi daidai ba.

Asabar, 16 ga Oktoba

Na yanke shawarar in gama da maganar ta hanyar da ba gardama. Gawar Bilhodin tana nan bayan gidan Alhaji a Gwaram, ba taya, ba gilashi, kaji sun mai da ita gida. Injin dai yana ciki. In kafireta ta zauna a mazauninta, shi ke nan.

Shiga gidan nan ya yi mini nauyi, rabona da ƙofarsa tun ina yaro. Sabo mutumin kirki ne ashe. Yanzu tireloli gare shi guda biyu suna jigilar siminti daga Ikko, tsohuwar mota ba ta gabansa. Na ce masa ina son in gwada wani abu a injin. Bai tambayi ko mene ne ba, ko da yake ya gani a hannuna. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya ba ni wuri.

Na kori kaji, na kankare kashinsu. Ƙusoshi biyu ne a tsaye a bakin injin inda kafireta ke zama. Na ɗora ta.

Ba ta shiga ba. Rami ɗaya ya hau, ɗayan ya rage kusan faɗin ɗan yatsa. Na juya ta, na sake, na karkata. Ko kusa.

Na zauna a kan madogarar motar. Wallahi na ji daɗi, sai kuma haushi ya biyo baya. In ba ta wannan motar ba ce, me ya hana shi faɗa tun ina yaro? Mutum ya bari a yi ta jifan ɗansa da suna saboda ba ya son buɗe baki?

Ban biya ta gida ba. Ba ni da sunan mota tukuna, kuma ba zan je ya yi mini wannan kallon ba.

Litinin, 18 ga Oktoba

Ina tsakiyar sallar azahar faifan nan ya faɗo mini a rai. Allah ya yafe mini. Rami huɗu. Biyu na kafiretar ne, na gani da idona. To sauran biyun fa?

Na zubar da tarkacen gareji kaf, babu. Na yi ta faɗa ni kaɗai har mai shayin gefe ya leƙo. Da na koma gida na ba Zuliha labari, sai ta ce au, wani ƙarfe mai huji? Ita ta ɗauke shi ranar da ta kawo mini abinci, da shi take tokare ƙofar akurki. Mako biyu hujjata tana gadin kaji.

Na auna da zare. Ban so abin da zaren ya nuna mini ba.

Laraba, 20 ga Oktoba

Na koma wajen gawar motar da faifan. Ya faɗa kan ƙusoshin nan ɗas, kamar a nan aka haife shi. Na ɗora kafireta a kansa, ta zauna daram. Har sawun inda gindinsa ya daɗe yana cin ƙarfen injin yana nan.

Ke nan a kan motar Alhaji take. Daga nan aka cire ta. Murnar kwana huɗu ce Allah ya ba ni.

Sabo ya fito ya same ni a tsaye. Ya ce, Malam Salihu, don Allah ka bar wahalar da kanka, maganar nan ta wuce, su sun yafe tuntuni. Na san da alheri ya faɗa, amma kalmar ta soke ni. Ai wanda ya yi laifi ake yafe wa.

Sai ya ce in ina so, karyayyar da aka bari a kan kujera ma tana nan a ɗakin ajiya, mahaifinsu ya hana a yar. Ya sa aka lalubo ta. Farin ƙarfe, wuyanta a karye, an ɗaure da waya. Don in cika aiki na ɗora ta a kan injin ba faifai. Ta shiga ƙusoshin daidai.

Kaina ya kulle. Wadda aka sace sai da ciko take zama, wadda aka yi yaudara da ita kuma ta zauna da kanta. Na ce wa raina ai Baba direba ne, ya san wadda zai nemo ta yi kama da ta gaske. Amma ko ni da na faɗa ban gamsu ba. Na roƙi Sabo aron karyayyar.

Alhamis, 21 ga Oktoba

Yanzu kafireta biyu gare ni, amsa ko ɗaya.

Lahadi, 24 ga Oktoba

Gwaggo ta aiko a gaya mini an yi wa Baba allurar tafiya, hannunsa ya kumbura, kuma an fara zuwa yi masa sallama. Wai yana tambaya ko makaniken ya mutu ne.

Ban mutu ba. Wani direban Marsandi ya ba ni sunan wani Malam Iliyasu a Fagge, tsohon makanike tun na zamanin yaƙin duniya, ya ce in bai san ta ba to ba mota ce ta haife ta ba. Zuwa Kano yana nufin in rufe gareji yini guda, ga motoci uku na jira. Duk saboda mutum ɗaya ya ƙi yin jimla ɗaya.

Laraba, 27 ga Oktoba

Kano. Cunkoso ya yi yawa, kowa ya sayi sabuwar mota, ba wanda ya koyi tuƙi. Na sha yawo kafin na sami rumfar Malam Iliyasu a wani lungu. Tsoho tukuf, ido ɗaya ya yi fari, ba ya aiki kuma, sai zama da rediyo.

Na fara miƙa masa karyayyar. Ya juya ta sau ɗaya ya ce ta Bilhodi ce, ta 'yan shekarun hamsin, da irinta motar ke zuwa daga Ingila. Ya ajiye ta gefe kamar bawon gyaɗa.

Da na miƙa masa baƙar sai ya kashe rediyo. Ya auna nauyinta a tafin hannu, ya yi dariya, ya ce ina na samo tsohuwar ƙawarsa. Ya jawo wata 'yar sifana daga ƙasan akwati, duk ta suɗe, ya ɗora a notin da ya cinye mini yatsa. Ta kama cif. Ya ce awon Amirka ne, shi ya sa nawa suka ƙi. Ya goga alli a kan rubutun da na kasa karantawa, haruffa suka taso. Ya ce Kata ake ce wa masu yin ta, kuma a kan Shabrole take zuwa, mai silinda shida. Ya lissafo mini: kitika, ƙananan a-kori-kurar nan da masu sayen gyaɗa ke yawo da su ƙauyuka kafin yaƙi, motocin shiga na manyan 'yan kasuwa, da wasu manyan motocin da aka yi gwanjonsu bayan an dawo daga yaƙin Bama. Ya ce tun kafin mulkin kai aka daina ganinsu a hanya.

Na tambaye shi ko akwai Bilhodin da ta taɓa zuwa da irinta. Ya dube ni da idon nan mai kyau ya ce a ina na yi koyo. Na haɗiye.

Ya ɗauki faifan da na kira shirme, ya daɗe yana shafa shi. Ya ce wanda ya yi wannan ya san wuta, wanda ya ba shi awo kuma ya san inji. Ya nuna mini ɗigo uku a gefe, ya ce alamar maƙerin ce, in nemi mai ita. Ya ce a zamaninsu ba kantin kayan mota a kowace kwana kamar yanzu. Direban kirki ba ya fita daji sai da kafireta ta ajiya a akwatinsa, kuma galibi maigidansa ne ke ba shi ranar da ya yaye shi, daga jikin motar da ya koya a kanta.

Alhaji Ishiyaku bai taɓa mallakar Shabrole ba. Wannan ko ni na sani, motarsa ta farko ke nan Bilhodin.



Juma'a, 29 ga Oktoba

Ina da sunan mota yanzu. Zan iya tafiya Gwaram gobe in faɗa masa. Amma in na je zai ce to sai me, ni kuma ban san sai me ba. Gara in san komai kafin ya sake mai da ni yaro.

Na nuna wa maƙeran bakin kasuwa ɗigo ukun. Suka ce hannun gidan Ɗan'auta ne na garin Sara, in yana raye.

Talata, 2 ga Nuwamba

Yana raye, kuma bakinsa ya fi na kowa lafiya. Na same shi a maƙera yana sa ido a kan masu gyaran lauje. Sai da na saurari tarihin ciwon gwiwarsa da tsadar gawayi kafin ya yarda ya dubi abin da na kawo.

Yana gani ya ce, “Na Haladu direba.” Ban faɗa masa ko ni wane ne ba.

Ga yadda ya ba ni. Wata kaka, shekara biyu kafin a sallami Baba, motar ta taso daga wajen Fagam da lodin gyaɗa. Kusa da Sara gefen hanya ya zabtare da ita, ta kwanta a kwazazzabo. Ba wanda ya ji rauni. Aka taru aka sauke buhuna aka tashe ta, amma wuyan kafireta ya karye. A lokacin sai an aika Kano, Kano ma sai an jira daga Ikko, wata guda ko fi, ga gyaɗar mutane a daji. Baba ya buɗe akwatinsa ya fito da wannan a naɗe cikin tsumma. Ya ce ta kitikar maigidansa ce na Fagge, ita aka ba shi ranar yaye. Ramukan ba su dace ba. Ya yanki kwali ya zana awo, ya zo maƙera. Yini biyu suna yi suna ɓatawa, na uku ya zauna. Mota ta tashi, gyaɗa ta isa Kano.

Na ce to Alhaji bai sani ba ne? Ya ce wa zai gaya masa? Alhaji bai taɓa leƙa cikin inji ba, Haladu kuma in ya yi maka alheri sai ka yi bincike kafin ka ji. Shekara biyu motar na cin arzikin kayansa.

Na ce shi kuma da ya ji ana kiran mutum ɓarawo, me ya hana shi magana? Ya ce shi a Sara yake, labarin ya iso shi bayan shekara, ya ɗauka an daɗe da warwarewa. Ya ce ai abu ne mai sauƙi, duk wanda ya tambayi Haladu zai ji.

Sannan ya ƙura mini ido ya ce kamar ya san goshin nan. Na ce ni ɗansa ne. Ya ce to kai ba ka tambaye shi ba?

Na ce rana ta yi, zan rasa mota.

Laraba, 3 ga Nuwamba

Na ɗaure birkin wata Bosuwaja, na kwance, na sake ɗaurewa. Mai motar ya ce ko lafiya.

Asabar, 6 ga Nuwamba

Gwaram. Zaure cike da masu sallama, sai bayan la'asar na same shi shi kaɗai. Na shimfiɗa buhu na jera su uku a gabansa: baƙar, karyayyar, faifan. Na yi masa bayani kamar ina gaban mai jarrabawa. Kata. Shabrole mai silinda shida, kitika da 'yan uwanta. Ba ta Bilhodi ba. Ta Bilhodi ga ta nan, ta karye a kwazazzabon Sara. Faifai aikin Ɗan'auta, awo naka.

Ya saurara har ƙarshe. Abin da ya fara cewa wai na ɓata mata noti da filaya.

Nan fa na kasa riƙe kaina. Na ce Baba, shekara ashirin da biyu. Ka bar tuƙi, ka koma gona, aka yi ta nuna mu da baki, Inna ta rasu da wannan abu a ranta. Kalma nawa ce? Me ya sa ba ka faɗa ba?

Ya ce ranar da abin ya faru Alhaji bai kira shi ba, aike ya yi a faɗa a tasha. Mai unguwa bai kira shi ba. Abokan tuƙinsa suka daina zama kusa da shi. Ya ce da mutum ɗaya ya tako ya ce Haladu, yaya aka yi, da ya faɗa. Amma ba zai bi gida-gida yana rantsuwa a kan kayansa ba. Ya ce Innarku ta sani, domin ita ta tambaya.

“Kai kuma na jira ka girma,” ya ce. “Da ka shiga sana'ar na ce to, yanzu zai tambaya. Sai na ga allonka.”

Na tattara kayan. Ya ce in mayar wa Sabo karyayyar, tasu ce, kada ya tafi da kayan mutane a gidansa.

Har yanzu ina ganin taurin kai ne. Mutum ya ƙona rabin rayuwarsa don ba a yi masa tambaya ba. Taurin kai ne, na rubuta na kuma maimaita. Sai dai barci ya ƙi zuwa da wannan hujjar.

Litinin, 8 ga Nuwamba

Na mayar wa Sabo tasu, na gaya masa komai. Ya ce Allah ya jiƙan mahaifinsa, ashe su ne da neman gafara. Ya ce zai je da kansa, kuma ba a ɓoye ba. Na ce duk yadda ya gani.

Na fito da baƙar na ɗora a kan benci. Direbobin tasha suka sake taruwa. Wannan karon na faɗa musu ta wace mota ce da kuma ta wane ne. Mai Landiroba ya ce ai shi dama ya faɗa.

Juma'a, 12 ga Nuwamba

Gwaggo ta ce Sabo ya je bayan an sauko daga masallaci, da dattawa uku, a gaban jama'a. Wai Baba ya ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya, sannan ya shiga tambayarsa mai nawa tirela ke sha daga Ikko.

Kowa ya yi nasa ke nan. Na sani. Ba sai Zuliha ta riƙa kallona haka ba.

Lahadi, 14 ga Nuwamba

Na ari Fijo na kai shi sansanin alhazai a Kano. Na shirya maganata tun jiya, har na maimaita ta a gareji. Muna fita Gwaram na buɗe baki, sai ya riga ni. Ya ce Salihu, tafiya ce mai nisa, in na saɓa maka ka yafe mini. Haka kawai, yana kallon hanya. Ya ƙwace mini ita. Na ce ni ne dai, Baba. Iyakar abin da ya fito ke nan, kuma ban tabbata ya ji ba, domin daidai nan muka faɗa rami ya ce in riƙa duba gabana.

Muka wuce Sara. Da muka bar Birnin Kudu na rasa abin yi da bakina, sai na ce, Baba, ita kitikar nan, yaya ake tayar da ita?

Ya gyara zama. Da hannu ake wana ta, in ba ka iya ba ta karya maka wuyan hannu. Koriya ce. Maigidansa ba ya yarda a hau ta da takalmi. Ranar da ya fara tuƙa ta ya shiga da ita cikin garken jakuna a Gezawa. Ya yi ta ba ni, yana nuna yadda ake sa giya da hannun da aka yi wa allura. Har dariya ya yi, ban san haƙoransa na gefe sun zube ba. Mun iso ƙofar sansani bai kai ga yaye ba ma. Ya ce sauran sai ya dawo, in Allah ya sa da rabo.

Na tsaya har ya shige da jakarsa. Bai waiwayo ba, ai ba zai waiwayo ba.

Laraba, 17 ga Nuwamba

An ce jirginsu ya tashi jiya. Allah ya kai su lafiya ya dawo da su.

Na samo noti mai awon Amirka a wajen masu tsofaffin kaya, na sauya wanda na ɓata. Na sa mata mai, na naɗe ta a sabon tsumma.

Mai fenti ya zo, dama allon ya koɗe tun bara. Tun da za a sake, na ce ya rubuta Salihu Haladu. Akwai wani mai faci a bakin tasha shi ma Salihu Gwaram, ana yawan kai masa saƙona, dalilin ke nan.

A bayan littafin nan na fara jera abubuwan da zan tambaya in ya dawo. Na kai goma sha ɗaya.